Awon Bayan Gunya

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, wanda ya fitar da ni daga Zongon Wagadugu lafiya, ya kuma maido ni da ƙafafuna. Tun da na dawo daga Ƙonni ban samu na sha shayi cikin natsuwa a bakin shagon Alhaji Sabo ba. Wannan ya ce yaya hanya, wancan ya ce wai da gaske ne na ƙetare iyakar ƙasa saboda sirdi. Na faɗa na maimaita har maƙogwarona ya bushe, kuma duk wanda ya ji sai ya tafi ya ƙara nasa gishirin. To ga shi a rubuce. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Asalin maganar Gunya ce. Kuru ce, irin ƙananan dawakin nan na ƙasarmu, goɗiya 'yar shekara uku mai launin fura. Wani tsohon ɗalibina da ke kiwo a arewa ne ya kawo mini ita kyauta, muka kafa mata turke a bayan ɗakin girki. Gidan namu na gado ne, kuma wana, Yaya Mamman, shi ne mai gida. A ɗakinsa sirdin mahaifinmu yake rataye tun zamanin fataucin goro, sirdin da aka sassaƙa wa wani ingarma mai faɗin baya kamar tabarma. Ranar da Gunya ta yarda a hau ta, Yaya ya ce babu sirdin da zai shigo gidan nan alhali na Baba yana nan. Muka ɗora mata. Na hau, na je bakin baraj, madatsar ruwan garinmu, na dawo. Da muka sauke sirdin, ƙashin nan da ke tsakanin wuya da baya ya saɓule, jini na tsattsafowa. Sirdin ya yi mata faɗi, ya zauna a kan ƙashi, ni kuma na zauna a kansa.

Kwana arba'in ina shafa mata man kaɗe safe da yamma kafin mikin ya rufe. A cikin kwanakin ne wani mahauci daga unguwar Sisin, cikin masu sayar da naman doki, ya fara leƙowa yana gaishe mu, gaisuwar da ba mu saba da ita ba.

"Idi," in ji Yaya, "dabbar da ba ta ɗaukar sirdi ciyawa kawai take ci. In watan Sha'aban ya tsaya ba ta ɗauki mutum lafiya ba, zan kira mutumin Sisin."

Na ce, "Yaya, ai tawa ce."

Ya ce, "Turken nawa ne."

Na zaga Waga. A unguwar Dasasgo na samu sirdin masu sukuwa, na Turawa, muka gwada, ya zame mata har wuya. Wani baduku ya ce shi yanzu jakar mata yake ɗinkawa. Alhaji Sabo, Bakanon nan mai atamfa, shi ya ce akwai wani tsoho a wani ƙauye kusa da Ƙonni, Malam Arzika, wanda ba ya sassaƙa sirdi sai da awon dokin. Likitan dabbobi kuma ya koya mini dabara: na lanƙwasa waya guda uku a bayan Gunya, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a tsakiya, ɗaya a baya, kowace ta ɗauki siffar wurin. Na naɗe su a tsohon rawani. Na kuma auna ta da taƙin hannuna na rubuta da ajami. Ranar tara ga Rajab na shiga kar, babbar motar fasinja.

Kujerata tana kusa da wata Bamosa mai kwandon ƙwan zabi. Ita tana rungume da kwandonta, ni ina rungume da wayata, duk ramin da mota ta faɗa sai mu dubi juna kamar masu jinya a asibiti ɗaya. Ta ba ni benga a leda, wake da shinkafa mai zafi, na ci ban san shi ne abincin kirki na ƙarshe da zan gani ba sai bayan kwana ashirin.

Mun wuce garin Fada da kaɗan sai muka ji wani ƙara a ƙarƙashin mota, kamar ana jan gwangwani. Salansa ce ta saki. Direba ya tsaya, lokacin azahar kuma ya yi, sai na ajiye ƙunshina a kan kujera na ɗauki buta. Na yi sallata a gindin wata bishiya, ban yi gaggawa ba, don ban saba yi wa Ubangiji gaggawa ba. Da na dawo, mota ta gyaru, kowa na murna, rawanina yana ninke a kan kujera. Babu komai a cikinsa.

Direban ya fito daga ƙarƙashin mota yana share hannu, fuskarsa cike da fara'a.

"Baaba, Allah ne ya sa ka a motar nan! Waya mai kyau! Sai dai duk ta karkace, da ƙyar na miƙe ta."

"Ka miƙe ta?"

"Duka ukun."

Na durƙusa na leƙa. Ga kafaɗar Gunya, ga tsakiyar bayanta, an murɗe su a jikin ƙarfe mai hayaƙi. Na yi salati na ƙara. Da na yi masa bayani, ya ce fardon, wato a yi haƙuri, ya fi sau goma, ya kuma yi alkawarin zai saya mini sabuwar waya a Yamai, wadda ta fi wannan kauri. Mai ƙwan zabi ce kaɗai ta gane abin da aka yi mini. Ta ce da Mosanci, "Da ka ba ni na riƙe maka." Ƙwanta ko ɗaya bai fashe ba.

A iyaka aka sauke mu duka, kowa da katinsa a hannu. Wani jami'i mai ladabi ya buɗe jakata ya ga takardar ajami, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya tambaya ko laya ce. Na ce awo ne. Ya ce in karanta. Na karanta masa: daga kafaɗarta zuwa haƙarƙarinta na ƙarshe taƙi biyu da yatsu uku, kewayen ƙirjinta taƙi bakwai.

Ya dube ni da tausayi. "Madam ce?"

Na nemi tsarin Allah, na ce doki ce. Ya kira abokin aikinsa ya ce in sake karantawa. Ba su ƙyale ni ba sai da na yi musu addu'a, wai takardar ta yi kama da ta masu albarka.

A Yamai na sauka a masallacin tasha, cikin matafiya. Da asuba na tarar wani ya tafi da takalmina ɗaya ya bar mini nasa ɗaya, duka na ƙafar hagu. Da su na shiga motar Ƙonni. Abin da ya fara ba ni mamaki a can shi ne Hausa ta cika ko'ina. Mu a Waga, in ka ji Hausa a kasuwa sai ka waiga ka ga ko ɗan wa ne. A can mai gyaran taya Hausa, jandarma Hausa, har masu faɗa da Hausa suke zagi, na rasa wanda zan waiga in duba. Gaisuwarsu kuma ba ta ƙarewa. Mu mukan gaisa a kan moto, wato babur, injin na aiki. Su sai an tambayi gida, da gajiya, da rana, da dabbobi, a koma kan gida. Na faɗa wa wani cewa a garinmu tsohuwa mai jikoki tana tuƙa moto ta kai kanta kasuwa, ya ce in ji tsoron Allah, ga ni da furfura.

Ƙauyen Malam Arzika yana da ɗan nisa daga titi, a amalanken jaki na ƙarasa. Na same shi a zaure, dogo baƙi, yana fere itace da gizago, hannuwansa kamar faifai. Muka gaisa har na gaji. Sannan na gyara zama na ce, "Malam, daga Wagadugu nake. Na zo ne saboda godiya."

A nan sai na yi bayani ga wanda bai san mu ba. Mu 'yan Zongo da aka haifa cikin Mosawa, harshenmu ya daɗe da sakin wasu haruffa. Ni a zuciyata goɗiya na ce, macen doki. Abin da ya fito daga bakina daban.

Tsohon ya ajiye gizago. "Godiyar mi? Mi na yi maka?"

"Ba ka yi ba tukuna. Godiyar tawa ce, ƙarama ce."

"Ƙarama ko babba, Allah ɗai aka yi ma godiya. Ba komi."

"Malam, godiyar ta ji ciwo a baya."

Ya dubi mutanen da ke zaune a zauren, su ma suka dube shi. Wani ya matsa kaɗan daga kusa da ni. Shekara sittin ina karantar da mutane, ga ni a gaban baƙi na kasa faɗin sunan dabba. Sai na share ƙasa da tafin hannu, na rubuta kalmar da yatsa, na sa mata ɗa mai hannu, harafin da bakina ya ƙi amma alƙalamina bai taɓa mantawa ba. Tsohon ya sunkuya ya karanta. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Goɗiya! Bawan Allah, goɗiya kake nuhi! Wanga malami rubutunai ya hi bakinai."

Daga ranar har na bar garin, sunana Malam Godiya. In na wuce, mata daga bayan danga sai su ce, "Ba komi, Malam!"

Na miƙa masa takardar awo. Ya karanta, ya ce, "Taƙin wa? Naka ko nawa?" Ya ɗora tafinsa a kan nawa, nawa ya ɓace. Ya ce ko da taƙin ya yi daidai, tsawo kawai zai faɗa masa, ba zai faɗa masa yadda bayan ya gangara ba. Na nuna masa hotonta a wayar salula, ya ce hoto ba ya da ƙashi. Na ba shi labarin waya uku da salansa, aka sake wata dariyar. Sannan ya ce in koma in kawo goɗiyar.

Na ce, "Malam, ƙasa biyu ce tsakaninmu. Kuma in Sha'aban ya tsaya, wuƙa ce."

Ya kalli hannuna. "Wa ya yi jinyar mikin?"

"Ni."

"Kwana nawa?"

"Arba'in, safe da yamma."

Ya sa aka ba ni ɗaki kusa da inda ake jiƙa fata, warin da har yanzu in na tuna sai na ji shi a hanci. Aka kawo fura. Da rana fura, da yamma dambu da zogale, da safe fura. Ba na raina abincin mutane, Allah ya sa musu albarka, amma a kwana na huɗu na yi mafarkin benga.

Washegari ya kai ni bayan gida. An kwantar da wani gungume a kan duwatsu, an tara yumɓu jiƙaƙƙe a gefe. Ya ce in gina masa bayan goɗiyata a kan gungumen. Na ce ni malami ne, ba maginin tukwane ba. Ya ce shi ma ba mai duba ba ne. Na naɗe hannun riga na yi ta aiki har rana ta take, na gina baya mai kyau, mai faɗi, wanda ko ni na yi sha'awarsa. Ya zo ya zaga shi sau ɗaya.

"Wanga ba kuru ba ne. Wanga dokin da kake so a ce kana da shi ne."

Ya sa ƙafa ya rushe. Wallahi da ba don girmansa ba da na faɗi magana. Na tafi na yi alwala, na zauna har zuciyata ta sauka, kuma a zaunen nan na gane gaskiyarsa: bayan ingarman Baba na gina, wanda nake gani tun ina yaro.

Kwana biyu muna haka, ina gini yana rushewa. A rana ta uku ya zo da ɗan kasko na man kaɗe. Ya ce in shafa a hannu, ya ɗaure mini ido da rawanina, wannan dai da aka sace wa waya.

"Kada ka gina komi," in ji shi. "Shafa mata magani kawai, kamar yadda ka saba."

Ƙamshin man ya shiga hancina. Na ɗora hannu a kan yumɓu na fara daga wuya, kamar kowace safiya, har na ji bakina yana cewa, "Tsaya, 'yar nan, tsaya." Inda yumɓu ya yi tudu a wurin da ba ta da tudu, hannuna da kansa ya danne. Inda ya faɗa, ya ciko. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da ya kwance mini ido sai ga Gunya: kunkuntar kafaɗa, gajeren baya, har da ɗan kwarin nan na gefen hagu wanda ban taɓa sanin na san da shi ba. Tsohon ya bi shi da yatsa ya ce, "Yanzu ka kawo ta."

Na ɗauka an gama. Ashe an fara ne. Sai yumɓu ya bushe a inuwa, kwana uku. Sai an sami itacen da ya yarda da shi. Yana sassaƙa yana ɗorawa a kan yumɓun yana cirewa, in aka yi baƙo kuma ya ajiye gizago a yi gaisuwa. Aka yi suna a maƙwabta, ranar ba aiki. Ranar kasuwa ba aiki. Ni kuwa ina ƙirga kwanakin Rajab a carbi. Matar Yaya ta kira ni ta ce mutumin Sisin ya zo da igiya, ta ce masa mai gida yana barci, amma ba kullum za ta ce yana barci ba.

Na ce, "Malam, don Allah a hanzarta."

Ya ce, "Wanda ya yi hanzari shi ya huda mata baya."

Duk da haushin da nake ji, na koyi abu a zauren nan. Ya nuna mini cewa sirdi bai kamata ya taɓa ƙashin tsakiya ba ko kaɗan, a kan naman gefe biyu yake zama, kuma yatsu uku su shiga tsakanin kwacciyar gaba, wato tudun gaban sirdi, da kafaɗa ko da mutum yana kai. Kada tsawonsa ya wuce haƙarƙarin ƙarshe, don bayan nan babu abin da ke ɗaukar nauyi. Ya ɗaga ni da hannu biyu kamar buhu don ya ji nauyina, a gaban jama'a. Zubka kuma, matasan nan biyu da ke ƙarƙashin sirdi, ya cusa musu audugar rimi ya bar musu baki a ɗaure da zare. Ya ce 'yar shekara uku ba ta gama faɗi ba, duk bayan wata biyu in duba, in ta ƙara jiki in rage auduga. In audugar ta ƙare, sirdin ya gama aikinsa, in dawo.

Na ce, "In dawo nan?"

Ya ce, "Ka taho da man kaɗe."

Ranar ashirin da bakwai na ɗauko sirdi. A hanyar dawowa ban ajiye shi ba ko sau ɗaya. Da shi na yi alwala, a gabana yake in ina salla. Wani direba ya ce a ɗora a saman mota, na dube shi har ya ba ni haƙuri bai san laifinsa ba.

Na shiga Zongo da la'asar ranar ashirin da tara, ranar da ake duban wata. A zaurenmu na tarar da mutumin Sisin zaune, igiya a cinya, an ba shi zom-kom, ruwan garin gero, yana sha. Ya yi mini sannu da zuwa. Ban tsaya ba. Gunya ta ji muryata ta yi haniniya, na shafa bayanta, na ɗora sirdin ba tare da na ja majayi, ɗamarar cikinta, ba. Ya zauna kamar an zuba shi. Yaya ya fito, maƙwabta suka taru. Na ja majayi, na sa yatsu uku a ƙarƙashin kwacciya, suka shige. Yaya ya ture hannuna ya sa nasa, ya bi ta gefe, ya leƙa ta baya har ya hango haske ta gaba. Bai ce ya yi ba, bai ce bai yi ba.

"To hau mana," in ji shi. "Ina likkafa?"

Na duba dama, na duba hagu. Malam Arzika itace da fata yake yi, ba ya ƙira, ni kuma kwana ashirin hankalina yana kan bayan doki, ban tuna da ƙafar mutum ba. Gwiwoyina ba za su kai ni sama ba sai da abin takawa. Rana tana sauka. Mutumin Sisin ya ajiye kofinsa ya fara warware igiya.

Yaya ya juya ya shiga ɗakinsa. Muka ji motsi, muka ji wani abu ya faɗi. Ya fito riƙe da likkafun Baba na tagulla, ya kwanto su daga sirdin da shekara talatin ba mai taɓa shi sai da izininsa. Da hannunsa ya ɗaura su, ya rage tsawon maɗaurin.

Na ce, "Yaya, ba za su yi mata girma ba?"

Ya ce, "Ba ita za ta sa ƙafa ba. Ƙafarka irin ta Baba ce. Hau, kana ɓata mana lokaci."

Na hau. Na bi ta unguwar Tiyendpalogo na kewayo, moto na yi mana ham, ita ko a jikinta. Da na sauke sirdin, gumin bayanta ya jiƙe daidai gefe biyu, tsakiya a bushe, tabon ko ja bai yi ba. Mutumin Sisin ya naɗe igiyarsa ya ce a gaida gida. Bayan magariba aka ce an ga wata.

Abin da ya faru ke nan, Allah shi ne shaida, ban ƙara ba, sai dai abin da na rage don kunya. Jiya bayan sallar asuba na ji Yaya yana gaya wa mutane a ƙofar masallaci cewa tun farko shi ya ce sirdin Baba ba zai yi wa kuru ba, shi ya sa ya tura ni Ƙonni. Ina zaune a gefensa da carbina. Na ja Astagfirullah talatin da uku, na tashi na je na ba Gunya ruwa.